Firoksin Waya: In Biya Da Gigabait Ko In Kama Layin Wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan kamfanin tallar intanet a Kaduna, mu uku ne. Ayyuka biyu suka sa nake neman firoksin waya, wato hanyar shiga intanet da ke sa shafi ya ga adireshin layin wayar wani wuri maimakon naka. Na farko, masu ba mu talla suna so mu nuna musu yadda tallarsu ke fitowa ga mai riƙe da waya a Legas, Akara da Landan. Na biyu, kullum muna bibiyar farashin kaya a shafuka kusan 400 na kantunan intanet. Na leƙa wajen masu sayarwa na tarar da tsari uku: biyan kowane gigabait da ka ci, kuɗin wata mai ƙayyadadden data, sai kuma keɓaɓɓen layi da suka ce ba shi da iyaka. Da dala ake biya, ba na son in yi asara. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna, sai ka auna abin da aikinka ke ci. Ayyukan nan biyu da ka haɗa ba buƙatarsu ɗaya ba, kuma ina kyautata zaton ɗaya daga ciki ma bai kai a kashe masa kuɗin firoksin waya ba.

Bari mu fara da dalilin tsadarsa, don ka san abin da kake saya. Adireshin IP shi ne lambar da shafi ke gane na'urarka da ita a intanet. Na tsohon tsari, wato IPv4, guda biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma babbar hukumar da ke rabawa ta raba na ƙarshe a watan Fabrairun 2011. Kamfanonin waya irin su MTN da Airtel ba su da adireshin da zai ishi kowane layi, sai suke tara mutane da yawa a bayan adireshi guda. Wannan ya sa shafukan intanet ke shakkar toshe adireshin waya, domin idan suka toshe shi saboda mutum ɗaya, sun kori ɗimbin masu sayayya na gaskiya tare da shi. Wannan shakkar ce kake biya wa kuɗi. Firoksin manyan ɗakunan kwamfuta shi ne mafi araha, na intanet ɗin gidaje ya biyo baya, na waya shi ne a sama.

To ga awon. Buɗe ɗaya daga cikin shafukan da kuke bibiya a Chrome, ka danna F12, ka shiga sashen Network, ka sake loda shafin. A can ƙasa za ka ga adadin abin da ya sauko. Yi haka da shafuka goma daga kantuna dabam-dabam. Shafin kanti mai hotuna yakan haura MB 2 cikin sauƙi. Mu ƙaddara naka ya tsaya a MB 2.5. Sau 400, ya zama gigabait ɗaya a rana, kusan 30 a wata. Amma farashi kuke nema, ba hoton takalmi ba. Idan mai rubuta muku manhaja ya hana hotuna da bidiyo da tallace-tallace saukowa, shafin na iya dawowa kamar rabin MB, gigabait 30 ɗin nan ta koma 6. A kan abin da ka samu ka ƙara kashi 20 ko 30 cikin ɗari, saboda yawancin masu sayarwa suna lissafa abin da ya fita da abin da ya shigo, har da shafin da ya maƙale a hanya aka sake kiransa.

Da wannan adadi a hannu, lissafin ya zama na raba kuɗi kawai. Ka ɗauki kuɗin keɓaɓɓen layi na wata ka raba da kuɗin gigabait ɗaya. Misali kawai nake bayarwa, farashi yana sauyawa: in layi dala 90 ne, gigabait kuma dala 6, to a gigabait 15 suka yi kunnen doki. Ƙasa da haka, biyan gigabait ya fi sauƙi. Sama da haka, layi ya fara riba.

Sai dai kuɗi ba shi kaɗai ba ne bambancinsu. Keɓaɓɓen layi kamar ɗaukar shatar mota ne: kai kaɗai ne a ciki, amma mota ɗaya ce a kan hanya ɗaya. A zahiri modem ne da sim a ciki, an jona shi a wani ɗaki a wata ƙasa, a kan kamfanin waya guda. In kana son sabon adireshi sai ka taɓa wani mahaɗi, modem ɗin ya yanke ya sake haɗuwa, ka jira 'yan daƙiƙoƙi. Yana da kyau ga aikin da ke son zama mai tsawo a wuri ɗaya. Kai kuwa ƙasashe uku ka ambata, ka ga layi uku ke nan, kuɗi ninki uku, don aikin da ba zai ci rabin awa a rana ba. Tsarin gigabait shi ne ke ba ka damar tsalle daga Gana zuwa Ingila da asusu ɗaya. Rauninsa shi ne yawancin adireshinsa na wayoyin mutane ne na gaske da suka saka wata manhaja, mai wayar yana iya shiga inda babu sabis ko cajinsa ya ƙare kana tsakiyar aiki.

Kalmar "ba iyaka" kuma ka bi ta a hankali. Sim ɗin da ke cikin modem ɗin shi ma yana ƙarƙashin dokar kamfanin wayarsa. Sau da yawa akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu har ya zama ba ka iya buɗe komai. Ka tambaye su a rubuce: a gigabait nawa ake rage gudu, a rana ake lissafi ko a wata, kuma ni kaɗai ne a kan modem ɗin ko muna da yawa?

Game da dubar talla, akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka yi wa masu ba ka aiki alkawari. Adireshin waya yana nuna ƙasa daidai, amma gari ba kasafai ba. Kai ma ka sha gani, kana zaune a Kaduna shafi ya ce kana Legas, saboda ta can kamfanin ya fitar da kai. Ke nan don Legas, sim ɗin da ke aljihunka zai iya yi maka abin da za ka biya dala a kai. Sannan tallar da ke cikin Facebook ko Instagram ba adireshi kaɗai take dubawa ba, tana duba asusun mutum da inda wayarsa ta nuna yana nan. Cikin Google Ads akwai wurin gwada talla inda za ka zaɓi gari da irin na'ura, Meta kuma, mai Facebook da Instagram, tana da ma'ajiyar tallace-tallace da kowa zai iya buɗewa, duka kyauta ne. Abin da waɗannan suka kasa nuna maka, shi za ka kai wa firoksi, kuma bai fi gigabait biyu ko uku ba a wata.

Bibiyar farashin kuwa, ka fara gwada ta da firoksin gidaje. Kantuna da yawa ba sa damuwa da shi, in dai ba kiran shafukansu kake yi babu ƙaƙƙautawa ba. Wanda ya ƙi, shi kaɗai za ka mayar kan na waya. Ka kuma karanta ƙa'idojin kantin, ka tsaya kan bayanan da ke a fili. Bayanan mutane kada ka kwasa, Najeriya tana da dokar kare bayanai tun 2023.

Kuɗin wata mai ƙayyadadden data ba zan ba ka shawararsa yanzu ba. Gaskiya ne gigabait yana saukowa idan ka sayi da yawa, amma a wurare da dama ragowar tana ƙonewa a ƙarshen wata, in kuma ka wuce ƙa'ida su caje ka da farashi mafi tsada. Wanda ya sayi 50 ya ci 20, ai kowane gigabait ya tsaya masa ninki biyu da rabi. Sai ka yi wata biyu kana ganin adadinka bai cika motsi ba, sannan ka koma wannan tsarin, ka ɗauki matakin da ya ɗan gaza buƙatarka, ka cike da saye ɗai-ɗai.

Wajen wa za ka saya? Akwai sanannu irin su Bright Data da Oxylabs da SOAX da Decodo, wanda a da ake kira Smartproxy. Wasunsu za su nemi shaidar kamfaninka da bayanin aikin da za ka yi, kada ka ji haushi, alama ce mai kyau. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai araha fiye da kima da bai tambayi komai ba. A watan Mayun 2024 hukumomin Amurka suka rusa 911 S5, wata hanyar firoksi da ta tara adireshi sama da miliyan 19 ta hanyar cusa muguwar manhaja a kwamfutocin mutane ba da saninsu ba. Ka tambayi mai sayarwa daga ina adireshinsa suke, kuma ko masu wayoyin sun amince.

Don haka a watan farko ka sayi gigabait biyu ko uku na waya a tsarin biya gwargwadon ci, da kaɗan na gidaje. Ka tabbatar suna da Gana da gaske kafin ka biya, domin adireshin ƙasashen Afirka ba su da yawa a wajen wasu kamar na Amurka da Turai. Ka sa iyakar data a asusun kowane ma'aikaci, don manhajar da ta rikice cikin dare kada ta cinye ta wata ɗaya kafin asuba. Wajen lissafin naira, ka yi da canjin da katinka zai cire har da kuɗin caji, ba wanda ka gani a labarai ba. Ranar da ka biya kuma, ka shiga saitin asusun ka kashe sabuntawa ta kai tsaye.