Amsa: me ya sa ba kowace ƙwayar kwalara ke sa amai da gudawa ba

Malam, ka tambaya yadda ake samun ƙwayar a ruwan kogi amma wani lokaci mutane su sha lafiya lau. Tambayar ta taɓa ni, domin annobar 2024 ta yi mana ɓarna nan Gadarif da Kasala a Sudan.

Nau'o'in bakteriyar Vibrio cholerae, wato ƙwayar kwalara, sun haura 200, amma biyu kaɗai ke haddasa annoba: O1 da O139. Gubar da ke sa amai da gudawa ma ba gadon bakteriyar ba ce. Ƙwayoyin halittar da ke ƙera ta, ctxA da ctxB, wani bairos ne mai suna CTX ke shigar da su cikin bakteriyar, ya liƙe a jikin DNA ɗinta. Masana kimiyya Waldor da Mekalanos suka gano haka a 1996. Gubar na da sassa iri biyu, A da B: sashen B biyar ke kama bangon hanji, sashen A ɗaya ya kutsa ciki ya sa gishiri da ruwa su yi ta kwarara. Shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton rai tun kafin a kai asibiti.

Mashaƙo ma haka take, bairos ke kawo mata guba. Ido ba ya bambance ƙwayar kwalara mai guba, don Allah ku tafasa ruwan sha.