Maganin Taɓin Hankali Mai Sa Barci, Kayan Maye Ne?

Tambaya: Malam, ƙanena ya samu taɓin hankali, yana jin muryoyi, likita ya ɗora shi kan olanzapine. Ya samu sauƙi, amma barci ya yi masa yawa har Asuba na wuce shi, ga ƙiba. Kawunmu ya ce ƙwaya ce, a daina ba shi, a koma ruƙiyya. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah. 'Yar'uwa, shan wannan magani halal ne, kuma a halin ƙanenki wajibi ne a ci gaba da ba shi.

Imam Ƙarafi, malamin fiƙihun Malikiyya, cikin littafinsa Alfuruƙ, ya bambance abin da ke gusar da hankali tare da annashuwa, wanda shi ne mai sa maye, da abin da ke kwantar da mutum barci. Olanzapine da 'yan'uwansa, irin su risperidone da quetiapine, ba sa kawo annashuwar da mashayi ke nema. Aikinsu shi ne rage tasirin sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwa, wanda rikicewarsa ke da hannu a jin muryoyi da zargin mutane, tare da taɓa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin. Barcin da yawan cin abinci kuwa, akasari saboda maganin yana toshe aikin wani sinadari mai suna histamine ne. To, abin da ya dawo wa mutum da hankalinsa, yaya za a sa shi a sahun giya?

Ruƙiyya sunna ce, ku yi masa, ba ta hana magani. Annabi (SAW) ya ce wa bayin Allah su nemi magani, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Yanke maganin farat ɗaya yakan dawo da ciwon, wani lokaci ya fi na farko tsanani. Kawu alheri yake nufi, amma wannan ba fagensa ba ne.

Game da Asuba, ku tashe shi. In barci ya rinjaye shi, ya yi sallar da zarar ya farka, babu zunubi a kansa, bisa hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim. Ku gaya wa likita, yana iya matso da lokacin sha zuwa farkon dare ko ya sauya wani. Ƙibar ma kada a raina ta: a riƙa auna nauyinsa da sukarin jininsa, domin olanzapine na iya jawo ciwon suga.

Allah ne mafi sani.