Amsa ga mai tambaya a kan Les Misérables: ki fara da na 1995

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kin ci karo da bidiyon Les Misérables, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, guda biyu, na 1995 da na 2010, kin tarar 'yan wasan tsaye kawai suke gaban makirufo, babu gidaje babu tituna, shi ne kike so ki san ko wannan ma wasa ne, kuma da wanne za ki fara. To, wasa ne, kuma ki fara da na 1995. Dalilina mutum ɗaya ne, Philip Quast, ɗan ƙasar Ostareliya da ya fito a matsayin Sufeto Javert.

An yi shi ne a zauren Royal Albert Hall da ke Landan ranar 8 ga Oktoba 1995, don murnar cikar wasan shekara 10 da farawa da Turanci. Shi ya sa aka tattaro waɗanda suka yi fice a kowane matsayi daga wurare daban-daban. Kowa yana cikin kayan wasansa, makaɗa da 'yan amshi suna bayansu a kan dandamali, wanda lokacinsa ya zo ya taso ya yi nasa ya koma ya zauna. Mu da muka taso da finafinan Indiya da na Hausa mun saba jarumi ya riƙa motsa baki a kan muryar wani mawaƙi. Nan kuwa wanda kike gani shi ke rerawa, a gaban dubban mutane, kuma in ya kuskure babu damar a sake ɗauka.

Labarin daga littafin Victor Hugo ne na 1862. Jean Valjean ya saci burodi, ya shafe shekara 19 a kurkuku saboda ƙarin da aka yi ta yi masa a kan yunƙurin gudu, ya fito ya karya sharaɗin sakinsa, ya sake suna ya zama mutumin kirki. Javert shi ne ɗan sandan da ya ƙi barinsa. Yawancin masu fitowa a Javert mugu suke yi mana, a haɗe rai a yi ta tsawa. Quast bai bi nan ba. Nasa Javert ɗin ya yi imani har zuciyarsa cewa shi ne a kan daidai, kuma wallahi wannan ya fi ban tsoro.

Ki lura da shi a waƙar "Stars". Da ƙyar yake motsi. Ya miƙe ƙyam, ya ɗaga ido sama, ya faro a hankali da taushin murya kamar mai addu'a cikin dare, sai a hankali abin ya rikiɗe ya koma rantsuwa cewa sai ya mayar da Valjean kurkuku. Ko harafi ɗaya ba ya haɗiyewa. Da a cikakken wasa ne, da hankalinki ya rabu tsakanin fitilu da kayan ado. A nan kyamara tana kan fuskarsa, kina ganin inda yake jan numfashi da inda yake danne muƙamuƙi, babu abin da zai ɓuya a bayansa.

Akwai kuma inda suka yi fito-na-fito da Colm Wilkinson, wato Valjean, bayan mutuwar Fantine, matar da Valjean ya yi wa alkawarin kula da 'yarta. Kowa na rera nasa a lokaci guda. A cikin wannan hayaniyar ne Javert ya faɗi cewa shi ma a kurkuku aka haife shi. Mutane da yawa kalmar na wuce su, alhali ita ce ke bayyana duk taurin kansa: yana gudun inda ya fito ne.

Amma inda ya gama da ni shi ne waƙarsa ta ƙarshe. A boren Yuni 1832 na birnin Paris ɗalibai sun kama Javert, aka miƙa shi ga Valjean ya kashe, Valjean ya sake shi. Mutumin da duk rayuwarsa ya yarda cewa ɓarawo ba ya shiryuwa, ga shi ɓarawo ya bar masa ransa. Quast ya fito gashin nan da yake a ɗaure tsaf duk ya warware, muryar da ta saba ba da umarni tana rawa. Babu gada, babu kogin Seine, amma za ki rantse kin ga ya faɗa ruwa. Ki saurari kiɗan da kyau, shi ne dai kiɗan da Valjean ya rera tubansa a kai a farkon wasan, bayan wani limamin coci ya rufa masa asiri a kan satar da ya yi masa.

Ban ce na 2010 ba shi da kyau ba. A zauren O2 Arena da ke Landan aka yi shi, ya fi girma, hotonsa ya fi fitowa tar, Norm Lewis kuma muryarsa na da daɗi a Javert, sai dai ni ban ji tsoronsa ba. In kin zo kansa ki duba Lea Salonga, 'yar Filifin ɗin nan da ta rera waƙar Jasmine a Aladdin. A 1995 ita ce budurwa Éponine, a 2010 ta dawo a matsayin Fantine.

Kafin ki kunna, ki karanta taƙaitaccen labarin, don an yanke wasu wurare a na 1995, wanda bai san labarin ba zai iya ɓacewa a tsakiya. Ki nemi mai rubutu a ƙasa, kuma ki sa abin saurare a kunne, lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan muryar Quast. Kada ki kashe da an fara tafi, akwai Valjean 17 daga ƙasashe daban-daban da za su shigo kowa na rerawa da harshensu.