Amsa ga mai fama da ciwon gefen gwiwa wajen gudu

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce duk sanda ka fita gudu gefen gwiwarka na waje yana ɗaukar zafi, kuma ka ga bidiyon masu kayirofarakta, wato masu gyaran ƙashin baya da hannu, suna lanƙwasa bayan mutum har ya yi ƙas, kana tambaya ko su ne maganin abin. Na sha wannan wahala, shi ya sa na kasa wucewa.

Bayan asuba nake kama hanyar Mirya. Kilomita uku na farko lafiya lau, ana shiga na huɗu sai in ji kamar an soka mini ƙusa a gefen gwiwar dama. In na tsaya ya lafa. Saukowa daga duwatsun Birni kuwa sai da dafe-dafe. Na je wurin mai ɗori, ya murza, ya shafa man kaɗanya, na sami sauƙin kwana biyu. Ba laifinsa ba ne, ai babu karaya babu targaɗe. Hoton ƙashi ma bai nuna komai ba.

Wani kine ne, wato ma'aikacin lafiya mai gyaran gaɓoɓi da tausa da atisaye, ya gano bakin zaren. Ya kwantar da ni a gefe, ya ce in ɗaga ƙafa sama in riƙe. Da yatsa biyu ya danne ta, wallahi ta faɗi kamar ba tawa ba. Ya ce akwai wata jijiya mai faɗi kamar ɗamara da ta taso daga ƙugu, ta bi gefen cinya har ƙasan gwiwa. In naman ƙugu ya yi rauni, sai ta riƙa matse gefen gwiwa, musamman idan gwiwar ta lanƙwashe kamar digiri 30, daidai lokacin da ƙafa ke sauka ƙasa. Ni kuma na ƙara wa kaina: na ninka gudu a mako guda, takalmina ya cinye ta gefe, kullum kuma gefe ɗaya na kwalta nake bi, inda ta karkace.

Ita kayirofarakta, Daniel David Palmer ne ya fara ta a Amurka a 1895, kuma ƙashin baya ne asalin aikinta. A ganina, mai yin ta na ƙwarai zai amfane ka da tausa da atisayen ƙugu. Ƙarar nan ta ƙas da ke burge mutane ba ita ce za ta warkar da gwiwarka ba.

Na ajiye gudu, na riƙa ɗora ƙanƙara a tsumma minti 15, ina ɗaga ƙafa a kwance safe da yamma. Wajen mako shida na koma, da kilomita ɗaya na fara.

Amma don Allah, in gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana zille maka, ko wajen ƙwallo ka murɗe ta, wannan wata magana ce daban. Tafi asibiti kafin kowa ya murza maka ita. Allah ya ƙara sauƙi.