Me ya sa kamfanonin jita suke shiga fina-finan mawaƙa?

Dan'uwa, ka tambaya me kamfanin jita zai samu idan ya haɗa kai da masu fim ɗin tarihin mawaƙi, to wallahi kasuwa ce amma ba kasuwa kaɗai ba. Ka ɗauki fim ɗin A Complete Unknown na 2024, wanda Timothée Chalamet ya fito a matsayin mawaƙin Amurka Bob Dylan. Kamfanin jita na Gibson ne suka haɗa kai da masu fim ɗin, saboda a farkon shekarun 1960 Dylan jitar Gibson J-50 yake kaɗawa, ita ce irin wadda ba ta buƙatar lantarki, katako ne kawai da tsirkiya. Masu fim suna son komai ya yi daidai da zamanin, kalar katakon, girman jikinta, har sautin, don masoyan Dylan ba sa yafiya, in aka saka jitar da ba ita ba nan take za su gane su yi ta surutu. Shi kuma kamfani ya san matashi zai fito daga sinima yana cewa nima irin wannan nake so.

Kuma fa tarihi kuɗi ne a harkar nan sosai, jitar lantarki ta kamfanin Fender da Dylan ya kaɗa a bikin waƙoƙi na Newport a 1965 an sayar da ita dala 965,000 a 2013.

Ni dai shawarata, in koyo kake so kar fim ya ruɗe ka ka ci bashi, sayi mai araha ka fara horar da yatsunka tukuna.