Tireloli bakwai da takardar hukumar kiyaye haɗurra: in ci bashi ne?

Tambaya: Malam, ina da tireloli bakwai da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas, su dawo da kayan masarufi. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta aiko mini takarda cewa za su zo duba ofishina da motocina nan da mako shida. Tayoyin motoci uku sun gaji, takardu kuma a warwatse suke. Wani abokina ya ce in ba shi na goro ya kashe maganar. Ƙanena kuma ya ce in ci bashin banki in gyara komai lokaci guda. Wanne zan bi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ko ɗaya ba zan ce ka bi ba. Na goro dai ka manta da shi. Ko da ya yi aiki bana, baɗi za su dawo, kuma ranar da birki ya tsinke a gangaren hanya, goron ba zai tsaya maka a kotu ba. Bashin kuwa sai an san ainihin abin da ya lalace kafin a yi maganarsa.

Abin da ya kawo su tsari ne da hukumar ta ƙaddamar tun 2007, wanda ake kira RTSSS. Duk mai motoci biyar zuwa sama dole ya yi rajista, a riƙa tantance shi ta fuska uku: kamfanin, motocin, da direbobin. Yawancin masu motoci suna zuba kuɗinsu kan ƙarfe, su yi fenti, su wanke injin. Alhali inda aka fi faɗuwa shi ne a kan tebur. Jami'i zai ce, "Yaushe aka yi wa motar nan sabis na ƙarshe?" Ka ce watan jiya. Ya ce a nuna masa. In shaidarka tana cikin kan bakanike ne kawai, to a wurinsa ba a yi ba.

Saboda haka makon farko ba na kashe kuɗi ba ne. Ka sayi fayil bakwai, kowace mota da nata: takardar mallaka, lasisin mota, shaidar lafiyar mota ta VIO, inshora, rasiɗan sabis da na kayan gyara. A bangon fayil a rubuta ranar ƙarewar kowace takarda da babban alƙalami. Inshorar kuwa ka duba lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, NIID, ka ga ko tana ciki. Tun farkon 2023 aka mayar da inshorar ɓangare na uku (wadda ke biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani) ta manyan motocin haya naira 100,000 a shekara. In wani ya yi maka ita a gindin bishiya da kuɗin da bai kai rabin haka ba, takarda kawai ka saya.

Direbobi ma kowa da fayil ɗinsa. Mai jan tirela lasisin aji G ake nema a hannunsa. Na taɓa zama da wani mai motoci da ya rantse duk direbobinsa cikakku ne, da muka baje lasisin a kan tabarma sai ga biyu na ƙaramar mota ne, ɗaya kuma ya ƙare tun shekara biyu. Mutumin bai yi ƙarya ba, bai taɓa dubawa ba ne. A haɗa da gwajin ido da na hawan jini daga asibiti, da shaidar horo. Sannan maganar da ba a son yi: karen mota da ke karɓar sitiyari cikin dare in maigidansa ya yi barci. Ka hana a rubuce, kowa ya sa hannu.

Tsarin yana kuma buƙatar ka naɗa mai kula da kiyaye haɗurra, wanda ya san aikin. Kada ka liƙa sunan ɗanka don cike gurbi. Za su yi masa tambayoyi, kuma minti biyar ya isa a gane.

Yanzu ga tayoyin, inda kuɗin yake. Ka je da kanka, ka durƙusa, ka dubi gefen kowace taya. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na 2019. Hukumar tana ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai goge ba. Nan ne tayar tokumbo ke cutar mutane: a ido kamar sabuwa, a lamba tsohuwa. Ka ƙirga waɗanda suka faɗi, ka fara da na gaba, domin su ke riƙe da sitiyari. Bayan su sai birki, fitilu, da na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya tun Fabrairun 2017. Ka tabbatar direba bai sa an cire mata waya ba, don suna yi. Tukunyar kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku da tef mai ƙyalli ba su da tsada, a saye su rana ɗaya.

Da lissafin ya fito za ka ga ba duka bakwai ɗin ke neman miliyoyi ba. Huɗu masu lafiya su ci gaba da lodi, ribar sawunsu ta gyara ta biyar da ta shida. Wadda ta fi lalacewa ka ajiye ta a gareji, ka rubuta ranar da ka tsayar da ita da dalili, ka nuna musu. Kada ka ɓoye ta a wani lungu, tana cikin rajistarka. Kuma kada a yi wayon nan na ciro tayar wannan a ɗaura wa waccan da safe.

In har kuɗin bai kai ba, ka fara zuwa wurin dilan tayarka ka nemi biya kashi-kashi. Ya san motocinka, ya san kana juyi, kuma zai fi banki sauƙi. Daga yanzu kuma, duk sawun da mota ta yi, a cire wani abu tun kafin kuɗin ya shigo aljihunka, a zuba a asusu daban na taya da takardu. Ka raba kuɗin cikakken saitin taya da yawan sawun da yake yi maka kafin ya gaji, abin da ya fito shi za a riƙa cirewa.