Amsa ga Kawu kan maganar aradu

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na ji saƙon muryar da ka aiko, na kuma fahimci ranka bai yi daɗi ba. Ranar da muke gaisawa ta bidiyo Auta ya yi ihu daga falo yana kallon ƙwallo, ka tambaye ni me yake cewa, na ce maka cewa ya yi ɗan wasan ya buga aradu. Sai ka yi shiru, daga baya ka aiko kana tambaya ko mu mazauna Ingila mun mai da aradu abin wasan yara ne. Ka yi gaskiya da ka tambaya. Fassarar da na yi maka cikin gaggawa ce ta jawo.

Kalmar da yaron ya faɗa ita ce "thunderbolt". Asalin ma'anarta daidai da tamu: walƙiyar da ta sauko ƙasa da ƙara, ta tsaga itace ko ta kashe mutum. Rabin farko na kalmar tsawa ke nan, rabin ƙarshe kuma a tsohon Turanci gajeriyar kibiya ce mai kauri. Wato kibiyar tsawa. Mutanen da a Turai sun ɗauka wani abu ne ake harbowa daga sama, shi ya sa za ka ga gunkin Girkawa Zeus riƙe da ita a hannu.

Sai dai a shekaru ashirin da wani abu da na yi a Leeds, da wuya na ji Bature ya faɗi kalmar yana nufin hadari. A filin ƙwallo ake jin ta. Duk ƙwallon da aka narka daga nesa, mai tsaron gida bai ma gan ta ba, sunanta ke nan. Irin wadda Steven Gerrard ya ci West Ham a minti na ƙarshe a wasan ƙarshe na kofin FA a 2006, har gobe haka suke kiran ta. Suna kuma faɗin ta ga labarin da ya dira ba zato, kamar a sallami mutum daga aiki ko likita ya faɗa masa abin da bai shirya ji ba. Akwai jiragen yaƙin Amurka masu wannan suna. Har ramin da ake soka waya a jikin kwamfuta, wanda Intel da Apple suka fito da shi a 2011, Thunderbolt aka sa masa, da ɗan zanen walƙiya a gefensa. Yaron da ya buɗe ido ya ga sunan a jikin kwamfutar makaranta, ina zai ji gabansa ya faɗi?

Kuma Kawu, yanayin garin ma ya taimaka. Ruwan nan yayyafi ne mai naci, yini guda yana zuba ba gunji ba ƙara. Tsawa takan zo jefi-jefi a lokacin zafi. 'Ya'yanmu ba su san hadarin gabas ba, wanda yake haɗuwa baƙi ƙirin da la'asar, iska ta taso da ƙura, a kwashe shanya a guje, a kora awaki, Inna tana cewa a rufe madubi kuma kowa ya bar gindin bishiya. Abin da aka koya musu a makaranta shi ne su ƙirga daƙiƙa tsakanin haske da ƙara, kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan. Ilimi ne mai amfani, ni ma na karɓa a wurinsu. Amma lissafi daban, tsoron Allah daban.

To ga yadda muke yi a tsakaninmu. Mu iyaye mun bar musu kalmar Turancin su yi ƙwallo da ita, ba ma hana su. Tamu kuwa muna riƙe da ita da nauyinta. A makarantar Asabar da muke haya wa ɗaki, inda ake karatun allo da ɗan darasin Hausa, malaminsu ya nuna musu cewa aradu daga Larabci ta zo, Ar-Ra'ad, sunan sura ta 13, wadda a cikinta aka ce tsawa tana tasbihi da gode wa Ubangiji. An koya musu addu'ar da ake yi idan an ji ta. A bara da aka yi wata tsawa mai ƙarfi cikin dare, na ji 'yata daga ɗakinta tana karantawa da wannan harshen nata da ya karye. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa ban shiga ba.

Rantsuwa da ita kam mun hana gaba ɗaya. A nan zan roƙe ka ka yi mini uzuri in faɗi wata gaskiya: wannan ɗabi'ar daga gida take zuwa mana. Yaro ya je hutu Kano sati huɗu, ya dawo da "aradu ban taɓa ba" da "kwarankwatsa dubu" a baki, a kan alewa. Ashe mu ma mun sassauta kalmar tun ba yau ba. Muna cewa labari ya zo kamar saukar aradu, wane ya tari aradu da ka, uba ya daka wa ɗansa tsawa. Abin da Bature ya yi da tasa bai yi nisa da namu ba, shi dai ya wuce da ita har kasuwa.

Wurin da ba ma yarda kalmar Turancin ta shiga shi ne rasuwa. Idan aka yi wa wani mutuwa a gida, ba a jefa labarin a zauren WhatsApp sai dattawa biyu ko uku sun je gidansa sun zauna, sun fara da cewa jiki ya yi tsanani. Maƙwabciyata Baturiya ta taɓa ce mini mutuwar mijinta ta zo mata kamar wannan kalma, ni kuma na gane zafin da take nufi sarai. Mu dai abin da muke so bakin ɗanmu ya fara kamawa a irin wannan lokaci shi ne Inna lillahi.

Kada kuma ka ɗauka tsoron ya bar Turawa kwata-kwata. A Yulin 1984 gobara ta cinye rufin wani ɓangare na babban cocin York, nan kusa da mu, kuma bincike ya fi karkata ga cewa aradu ce. Kwana 3 kafin nan aka naɗa David Jenkins bishop a cikin cocin, mutumin da ake ta ce-ce-ku-ce a kan aƙidarsa. Mutane da yawa suka ce fushin Ubangiji ne. Tsofaffin garin har yanzu suna ba da labarin.

Akwai wani abu da na ajiye maka. Mun kai yara bakin teku a Whitby, Auta ya tsinto wani dutse siriri mai tsini kamar harsashi, tsawon ɗan yatsa. Wani dattijo da ke yawo da karensa ya ce kakanninsu "thunderbolt" suke kiran irinsa, sun yarda tare da tsawa yake faɗowa. A gaskiya ragowar wata dabbar teku ce da ta ƙare tun zamanin da, ta zama dutse. Nan take na tuna da gatarin aradun da Kaka take ɓoyewa a cikin tukunya, mai santsi, wanda ba a barin mu taɓa. Na naɗe dutsen a ƙyalle, zan ba mai zuwa gida da Sallah ya kawo maka. Idan na Kaka yana nan, don Allah ka ɗauko shi ka ɗauki hotonsu tare, Auta yana so ya gani. A gaida su Inna da yara.